Intanet ba ta sama take tsallaka teku ba

Mutane da yawa sun ɗauka saƙon da suka tura Amurka ta tauraron ɗan'adam yake bi. Ina! Tsakanin wayarka da eriyar unguwarku ne yake bin iska. Daga can galibi sai a mayar da shi haske, ya shiga zaren gilashi siriri kamar gashin kai, ya gangara Legas, ya nutse cikin teku. Fiye da kashi 95 cikin ɗari na bayanan da ke ƙetare nahiyoyi ta ƙasan teku suke wucewa, don ya fi sauri da arha.

Shi ya sa ranar 14 ga Maris 2024, da manyan wayoyin intanet na ƙasan teku masu suna WACS, MainOne, SAT-3 da ACE suka lalace a tekun Afirka ta Yamma, intanet da hada-hadar banki suka cije a Najeriya da Ghana, alhali taurarin suna can lafiya lau.