Gafara da Sabon Farawa a Bangaskiyar Kirista: Tambayoyi da Amsoshi

Me mutum zai yi Allah ya gafarta masa?

A koyarwar Kirista gafara ba sayenta ake yi ba, ko da azumi, ko da zakka, ko da yawan zuwa sujada. Afisawa 2:8-9 ta ce ceto ta wurin alheri yake, kyauta ce daga Allah, domin Yesu Almasihu ya riga ya biya a kan gicciye. Abin da ke wuyan mai zunubi shi ne ya furta laifinsa, ya juya masa baya, ya ba da gaskiya cewa an yafe masa. Alkawarin yana 1 Yohanna 1:9.

Inda ake yawan yin kuskure shi ne wajen furcin. Mutum zai durƙusa ya ce "Ubangiji ka gafarta mana dukan zunubanmu", ya tashi bai taɓa wurin ciwon ba. Kira laifin da sunansa: na ci amanar kuɗin ƙungiya, na yi wa wance ƙazafi. Akwai kuma bambanci tsakanin nadama da tuba (2 Korintiyawa 7:10). Bitrus da Yahuda duk sun juya wa Yesu baya a dare guda, duk kuma abin ya dame su. Yahuda ya mayar da azurfa 30 ɗin da aka biya shi don ya ba da Yesu, ya je ya rataye kansa. Bitrus ya yi kuka mai zafi, amma ya koma cikin 'yan'uwa, aka maido shi bakin aiki a Yohanna 21.

Dole sai na faɗa wa fada ko fasto?

Ya danganta da ɗarikarka. A cocin Katolika furci a gaban fada sakramenti ne, wato ɗaya daga cikin ibadu masu tsarki na cocin. Mutum zai binciki lamirinsa, ya furta manyan zunubansa da irinsu da yawansu, fada ya furta masa gafara da sunan Almasihu, ya ba shi aikin tuba. Tun daga taron Lateran na 4, babban taron shugabannin cocin, a shekarar 1215 aka wajabta yin haka aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma fada ba shi da izinin fitar da abin da ya ji, ko da za a kashe shi.

Ikilisiyoyi irin su ECWA, COCIN, EYN da Baptist suna koyar da cewa mutum ya furta wa Allah kai tsaye, domin matsakanci ɗaya ne, wato Yesu (1 Timoti 2:5). Duk da haka Yakubu 5:16 ta ce a riƙa furta wa juna. Laifin da ya zama jiki, kamar maye ko caca, da wuya mutum ya fita daga cikinsa shi kaɗai. Sai dai a zaɓi mai riƙe sirri.

Na tuba. Kuɗin da na ci fa?

A mayar. Wannan ne sashen da aka fi tsallakewa. Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, bai tsaya ga hawaye ba: ya ce zai ba matalauta rabin dukiyarsa, wanda ya zalunta kuma zai biya shi riɓi 4 (Luka 19:8). Dokar Musa ta ce a biya cikakke a ƙara kashi ɗaya bisa biyar (Ƙidaya 5:7), wato mai naira 50,000 a kansa ya kai 60,000. Kirista ba ya ƙarƙashin wannan lissafi, amma ya nuna cewa "ka yi haƙuri" kaɗai ba ta biyan bashi.

A aikace, a rubuta adadin da sunan mai shi. In ba za a iya biya lokaci guda ba, a je wurinsa da dattijo ɗaya, a tsayar da abin da za a riƙa bayarwa duk wata ko duk kaka. In mai haƙƙin ya rasu, a ba magadansa. Zuba kuɗin cikin baikon coci alhali mai shi yana raye ba biya ba ne. Matiyu 5:23-24 ta ce a bar baikon a gaban bagade, a je a shirya da ɗan'uwa tukuna. Ƙazafi kuwa a gyara shi a inda aka yi shi. Wanda ya ɓata sunan mace a taron zumunta bai gama ba in a ɓoye ya ba ta haƙuri.

Sau nawa zan yafe wa mutum ɗaya?

Bitrus ya ce ko sau 7, Yesu ya ce saba'in sau bakwai, ma'ana a daina ƙirge. Ya kawo misalin bawan da aka yafe wa talanti 10,000, ya fita ya shaƙe abokinsa saboda dinari 100 (Matiyu 18:21-35). Dinari ladan aikin yini ne, talanti guda kuma kusan dinari 6,000. Bashin abokin ladan wata uku da 'yan kwanaki ne, ba ƙaramin abu ba, amma nasa ko zai yi rayuwa dubu ba zai biya ba.

In na yafe, dole mu koma kamar da?

A'a, kuma cakuɗa yafewa da sulhu da amana ya jawo wa mutane da yawa wahala. Yafewa ita ce ka ajiye ramuwa, ka bar wa Allah shari'a (Romawa 12:19). Wannan kai kaɗai za ka iya yinta. Sulhu sai da mutum biyu. Amana kuwa a hankali ake gina ta. Yusufu bai bayyana kansa ga 'yan'uwansa ba sai da ya gwada su, ya ga Yahuza ya yarda ya zama bawa a madadin Biliyaminu (Farawa 44).

Don haka ma'ajin da ya ci kuɗi a yafe masa, amma kada a mayar masa da makullin akwati a mako mai zuwa. Matar da mijinta ke duka tana iya yafe masa tana gidan iyayenta. Masu cewa "ki yi haƙuri ki koma" ba tare da an ga canji ba, a ganinmu, suna ɗora wa wadda aka cuta nauyin da na mai laifi ne. Fyaɗe, musamman na yara, a kai shi gaban hukuma. Gafara ba ta soke hukuncin ƙasa (Romawa 13:4). Ko Dawuda, bayan annabi Natan ya shaida masa an kawar da zunubinsa, sai da sakamakon ya bi gidansa.

Wanda bai nemi gafara ba fa?

Yesu ya roƙa wa masu gicciye shi gafara tun ba su nema ba (Luka 23:34), haka ma Istifanus ya roƙa wa masu jifansa da duwatsu. Ba a rana ɗaya zuciya ke saki ba. Fasto James Wuye na Kaduna ya rasa hannunsa a rikicin 1992, Imam Muhammad Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Sun haɗu a 1995 suka kafa cibiyar sasanta rikici, amma Wuye da kansa ya sha faɗa cewa ƙiyayyar da yake yi wa Ashafa ta daɗe a ransa suna aikin tare.

Mene ne amfanin horon ikilisiya in Allah ya riga ya yafe?

Matakan suna Matiyu 18:15-17: ka same shi ku biyu, in ya ƙi ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi a kai wa ikilisiya. Wanda aka sa ƙarƙashin horo yakan daina cin jibin Ubangiji da riƙe muƙami na wani lokaci. Manufar a maido shi ne (Galatiyawa 6:1). Abin yakan lalace in an tsallake matakin farko aka fara da sanarwa, in ba a faɗi ranar ƙarewa ba, ko in an hukunta yarinyar da ciki ya tona aka ƙyale namijin. Bulus ya gargaɗi Korintiyawa su karɓi wanda ya tuba, kada baƙin ciki ya haɗiye shi (2 Korintiyawa 2:7).

Na tuba na sake faɗuwa. Ko na yi saɓon Ruhu Mai Tsarki?

A Markus 3:28-30, inda ya ce wannan saɓo ba shi da gafara, Yesu yana magana ne da malaman da suka ga aikin Ruhu da idonsu suka ce na Shaiɗan ne. Yawancin malaman Kirista sun yarda cewa wanda abin ke damunsa har yana neman komawa ga Allah bai yi wannan saɓo ba. Ba a kuma sake baftisma don an faɗi. A furta, a tashi. Sannan a duba ƙofar da laifin ya shigo: wane lokaci, wane wuri, tare da wa. A goge lambar wayar abokin laifin, a canza hanyar komawa gida, a sa wani amintacce ya riƙa tambaya duk mako.