Tsara Gyaran Jerin Haƙora

Gyaran jerin haƙora reshe ne na likitancin haƙori da ke daidaita haƙoran da suka karkace, suka cushe ko suka yi tazara, tare da gyara yadda muƙamuƙin sama da na ƙasa suke haɗuwa. Kafin a ɗaura wa mutum waya a baki, likita kan tsara aikin tun daga farko har ƙarshe: ina kowane haƙori zai koma, ko sai an cire wani, kuma wata nawa za a ɗauka. Abu biyu ake nema, baki ya yi aikinsa na tauna da magana, murmushi kuma ya dace da fuskar mai shi.

Rabe-raben cizo

A 1899 likitan Amurka Edward Angle ya kasa matsalolin cizo gida 3, bisa yadda turamen farko na dindindin, waɗanda ke fitowa wajen shekara 6, suke haɗuwa. A rukuni na ɗaya turamen sun zauna daidai, sauran haƙoran ne suka hau kan juna ko suka karkace. A na biyu jerin ƙasa ya ja baya, galibi haƙoran gaba na sama su fito waje. A na uku jerin ƙasa ne ya yi gaba, haɓa ta turo. Har yau da wannan rabon likitoci suke fara bayani, duk da cewa bai ce komai game da tsayin fuska ko faɗin ganda ba.

Bincike

Ana ɗaukar hoton fuska da na cikin baki, a ɗauki siffar haƙora da na'ura ko da abin kwaɓi, sannan a yi hoton ƙashin kai daga gefe. Wannan hanyar auna ƙashi ta fito a 1931 daga Holly Broadbent a Amurka da Herbert Hofrath a Jamus. Ita ke nuna ko matsalar a haƙora take ko a ƙashin muƙamuƙi, kuma a nan tsari yake rabuwa biyu. A lafiyayyen cizo haƙoran gaba na sama kan wuce na ƙasa da kamar milimita 2 zuwa 3. Ana kuma duba mahaɗar muƙamuƙi da ke gaban kunne. Ruɓa da ciwon dasashi sai an magance su tukuna, don haƙorin da gindinsa ba lafiya ba ya jure ja.

Cirewa ko bari

Wannan ita ce tsohuwar gardamar fannin. Angle ya dage cewa kada a cire ko ɗaya daga cikin haƙora 32. Ɗalibinsa Charles Tweed ya lura cewa da yawa daga waɗanda ya yi wa aiki ta wannan hanya haƙoransu sun sake cushewa, leɓɓansu sun turo, sai ya koma cire ƙananan turame huɗu da ke bayan fiƙa don a sami wuri. A shekarun 1940 ra'ayin Tweed ya yi rinjaye. A yau ana duba yawan cunkoso da zaman leɓe kafin a yanke hukunci, kuma hakan ya fi dacewa, tun da haƙorin da aka cire ba ya dawowa.

Shekaru ma suna da tasiri. Ƙungiyar ƙwararrun fannin ta Amurka na ba da shawarar a duba yaro kafin ya wuce shekara 7, lokacin famfara. Muddin ƙashi yana girma ana iya buɗa ganda ko a karkata girman muƙamuƙi. Babba kuwa, idan bambancin ƙashin ya yi yawa, sai a haɗa waya da tiyata.

Murmushi

Likita kan duba ko tsakiyar haƙoran sama ta dace da tsakiyar fuska, yawan dasashin da ke bayyana, da kuma ko bakin haƙoran sama ya bi lanƙwasar leɓen ƙasa. Sai dai ma'aunin farko a kan Turawa aka gina su, alhali a tsakanin 'yan Afirka ɗan fitowar haƙoran gaba sama da ƙasa abu ne da aka saba gani. Haka wushirya: littattafan fannin suna lissafa ta cikin abin gyara, Bahaushe kuwa ado ya ɗauke ta. Idan ba ta hana tauna ko magana, mai ita ne ya kamata ya ce a rufe ko a bari.

Bayan aiki

Da waya aka yi ko da robar nan mai haske da ake sawa a kan haƙora, irin ta Invisalign, a hankali haƙori yake matsawa, kamar milimita 1 a wata, don haka aikin kan kai shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Bayan an cire waya haƙora kan so komawa mazauninsu na da, musamman na gaba na ƙasa. Shi ya sa ake sa abin riƙewa cikin tsarin tun farko, ko siririyar waya da ake mannawa a bayan haƙora, ko roba da ake sawa da dare na tsawon shekaru.