Waiwaye: Taurari Huɗu a Tutar Komoros, Tsibirai Uku a Hannu

Duk wanda ya ƙura wa tutar Komoros ido zai ga jinjirin wata da taurari huɗu, ga kuma layuka huɗu: rawaya, fari, ja da shuɗi. Kowane tauraro tsibiri ɗaya yake wakilta. Amma gwamnatin da ke Moroni uku kaɗai take mulka, wato Ngazija, Anjuwan da Moheli. Na huɗun, Mayot, mai farin layin, yana hannun Faransa har gobe.

Tsibiran suna tekun Indiya ne, tsakanin Mozambik da Madagaska. Larabawa na ce musu Juzurul Ƙamar, tsibiran wata. Kusan kowa Musulmi ne, ana magana da Shikomori, ɗan'uwan Suwahili, sai Larabci da Faransanci a hukumance.

Tun farkon mulkin Turawa aka dasa ɓarakar. A 1841 wani sarki ya miƙa wa Faransa Mayot, sauran kuwa sai 1886 suka shiga ƙarƙashinta. Hedikwatar mulkin mallaka a Mayot take, kafin a ɗauke ta zuwa Moroni a shekarun 1960. Mutanen Mayot suka ga an raba su da ofisoshi da albashi, suka ƙullaci lamarin. Matansu ma suka fito da wata dabara mai ban dariya: idan jami'in Moroni ya sauka tsibirin, sai su yi masa zobe su dinga yi masa cakulkuli har ya gudu, tunda babu dokar da ta hana cakulkuli.

Ranar 22 ga Disamba 1974 aka yi ƙuri'ar raba gardama. A jimlace wajen kashi 95 cikin ɗari suka zaɓi 'yanci, amma a Mayot fiye da kashi 60 suka ce a'a. Faransa ta ce tsibiri-tsibiri za a ƙirga. Ahmed Abdallah, shugaban gwamnatin tsibiran a lokacin, bai tsaya jira ba, ya ayyana 'yancin kai ranar 6 ga Yuli 1975, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta karɓi ƙasar da tsibiranta huɗu. Da batun ya je Kwamitin Sulhu a 1976, Faransa ta hau kujerar na-ƙi.

Ko wata guda Abdallah bai cika ba aka hamɓarar da shi. Daga nan ƙasar ta zama filin wasan sojan hayar Faransa Bob Denard, wanda ya dawo da Abdallah a 1978, yana kuma nan a fadar daren da aka kashe Abdallah a 1989. A 1997 Anjuwan da Moheli suka ɓalle, har 'yan Anjuwan na roƙon Faransa ta sake karɓarsu. Ta ƙi.

Maganin da aka samo a tsarin mulkin 2001 shi ne karɓa-karɓa, irin wanda 'yan siyasar Najeriya suke yi da baki, su kuwa suka rubuta shi a doka. Azali Assoumani na Ngazija ya yi daga 2002, Ahmed Abdallah Sambi na Anjuwan ya karɓa a 2006, Ikililou Dhoinine na ƙaramin Moheli ya hau a 2011. A ganina wannan ne abu mafi kyau da ƙasar ta taɓa ƙirƙiro wa kanta. Sai dai da Azali ya dawo a 2016, ya shirya ƙuri'ar 2018 da ta ba shugaba damar wa'adi biyu a jere, aka ce ya ci zaɓe a 2019 da 2024, Anjuwan kuma ta ci gaba da jiran layinta.

Mayot kuwa ta ƙara nisa. A 2011 ta zama cikakkiyar gunduma ta 101 ta Faransa, kuɗinta yuro. Tun 1995 ɗan Anjuwan sai da biza zai je wurin dangin da ke tazarar kilomita 70 kacal. Wanda bai samu ba sai ya bi dare a ƙaramin kwalekwalen da suke kira kwasa-kwasa, kuma dubbai sun nutse a wannan mashigi.