"Paint the town red" ba zubar da jini ba ne

Masu koyon Turanci da dama na ɗauka karin maganar "paint the town red" (wato "shafa wa gari jan fenti") tarzoma take nufi, wai don an ambaci ja. Ba haka ba ne. Nufinta a fita gari da dare a sha shagali, gidan rawa zuwa gidan abinci, galibi don murnar cin jarrabawa ko samun aiki.

Aikatau kaɗai ke sauyawa: jiya "painted", gobe "will paint". Ka sa "city" a gurbin "town", ko ka canza launin, magana ta lalace. Kada ka sa ta a wasiƙar ofis, tana ɗauke da ƙamshin giya.

Ana yawan danganta asalinta da wani basaraken Waterford ta ƙasar Ireland da ya shafa wa gine-ginen garin Melton Mowbray na Ingila jan fenti a 1837, amma a jaridun Amurka ta fara bayyana, wajen 1883.