Kafin a kira ta New York: tambayoyi kan zaman 'yan Holan a Amurka

Wai da gaske New York ta taɓa zama a hannun 'yan Holan?

Ƙwarai kuwa. Sunanta na farko New Amsterdam, ita ce hedikwatar yankin da suka kira New Netherland. A 1609 ne Henry Hudson, Baturen Ingila da ke yi wa wani kamfanin Holan aiki, ya kutsa kogin da yanzu ake kira da sunansa, yana neman hanyar zuwa Asiya. Hanya dai ba ta samu ba, amma aka koma gida da labarin fatu.

Fatun me?

Na wata dabbar ruwa da Turawa ke kira biba, wadda ake yin huluna masu tsada da gashinta. Abin da ya kai su ke nan, kuma nan ne asirin labarin yake: kasuwa suka je ci. Mai mulkin ma kamfani ne, wato Kamfanin Yammacin Indiya da aka kafa a 1621, kusan yadda Kamfanin Neja ya riƙe bakin Kwara kafin 1900. Wata wasiƙa ta 1626 ta lissafa kayan da jirgi guda ya kai Amsterdam, har da fatun biba 7,246.

Ashe sayen tsibirin Manhattan, inda garin yake, suka yi?

Wasiƙar nan ce dai ta ce an saye shi a kan kayan da suka kai gilda 60 na kuɗin Holan, a zamanin gwamna Peter Minuit. Sai dai mutanen Lenape, masu ƙasar, ba su san sayar da ƙasa ta fita hannu har abada ba. A al'adarsu izinin zama ake bayarwa. Ciniki ne da kowa ya tashi da tasa fahimtar. Zaman bai yi daɗi ba daga baya: gwamna Willem Kieft ya sa aka yi wa 'yan ƙasa kisan gilla a Pavonia, tsallaken kogi daga Manhattan, a 1643, yaƙi ya ɓarke har 1645.

Su wa suka zauna a garuruwan?

Abin mamaki, iyalai kusan 30 na farko da suka sauka a 1624 yawancinsu Walun ne, mutanen yankin Beljiyam ta yau masu jin Faransanci. Holan na cikin wadata a lokacin, wa zai bar daula ya tafi daji? Dole kamfani ya karɓi duk wanda ya zo. Wani limamin Katolika, Isaac Jogues, da ya ratsa New Amsterdam a 1643, ya ba da labarin ana magana da harsuna 18 a ciki.

Akwai kuma waɗanda ba da son ransu suka je ba. Wajen 1626 aka kai bayi 11 'yan Afirka, sunayensu ma na nuna inda aka ɗebo su: Paulo d'Angola, Simon Congo. Kamfanin nan ne kuma ya ƙwace sansanin Elmina, a Ghana ta yau, daga hannun 'yan Fotugal a 1637.

Akwai sauran alamarsu?

Sunaye. Breuckelen ta zama Brooklyn, Nieuw Haarlem ta zama Harlem, Fort Orange ita ce Albany. Wall Street kuwa daga katangar (wall a Turance) da aka gina a 1653 ta samo suna.

To yaya ta kuɓuce musu?

A 1664 jiragen yaƙin Ingila huɗu suka tsaya a bakin gari. Gwamna Peter Stuyvesant, mai ƙafar katako, ya so a gwabza, mutanen gari suka ƙi. Ban ga laifinsu ba. Wa zai ba da ransa don kantin wani? Aka miƙa wuya ba a harba ko harsashi ba, aka sauya wa garin suna don girmama ƙanen sarkin Ingila, mai sarautar York. 'Yan Holan sun sake ƙwace shi a 1673, suka mayar a 1674. Tun a yarjejeniyar Breda ta 1667 dama sun fi son riƙe Suriname ta Kudancin Amurka mai gonakin rake, wadda ta zauna a hannunsu har 1975.