Waiwaye: yadda kaushin azurfa ya ninka hasken leza

A shekarar 1974, Martin Fleischmann da abokan aikinsa biyu a Jami'ar Southampton da ke Ingila suka sa fuskar wata azurfa ta yi kaushi ta hanyar lantarki, suka bar sinadarin firidin ya manne mata, sannan suka haska mata leza, wato siririn haske mai ƙarfi mai launi ɗaya tak. Hasken Raman suke nema, wato ɗan hasken da ke dawowa daga jikin sinadari launinsa ya ɗan sauya, wanda da shi ake gane sinadarin kamar yadda ake gane mutum da zanen yatsa. Hasken nan rarrauna ne ƙwarai, amma sai ga shi ya fito da ƙarfin da ba a saba gani ba.

Su a ganinsu kaushin ne ya ƙara fili, sinadari mai yawa ya samu wurin zama. Sai a 1977 Jeanmaire da Van Duyne a Amurka, da Albrecht da Creighton a Ingila, suka nuna cewa ƙaruwar ta kai ninki dubu ɗari zuwa miliyan. Ƙarin fili kaɗai ba zai haifar da haka ba.

Ashe tushen amsar ya daɗe a hannu. Tun 1857 Michael Faraday ya ga ruwa mai ƙwayoyin zinariya ƙanana ya koma ja, Gustav Mie kuma ya fitar da lissafinsa a 1908. Idan ƙwayar ƙarfe ba ta wuce 'yan gomman nanomita ba (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), haske na iya kaɗa elektron ɗinta, wato ƙananan abubuwan da ke ɗauke da lantarki a cikin ƙarfe, su riƙa lilo gaba ɗaya. In launin lezar ya dace da wannan lilon, sai ƙarfin hasken ya taru a fatar ƙwayar, musamman a tsini ko a 'yar ratar da ke tsakanin ƙwayoyi biyu. Martin Moskovits ne ya danganta wannan da gwajin azurfar a 1978, cewa 'yan tuddan kaushin suna aiki kamar waɗannan ƙwayoyin, kuma a ganina nan ne fannin ƙarfafa hasken Raman ya samu ƙafar tsayawa.

Zuwa 1997, ƙungiyar Katrin Kneipp da ta Shuming Nie, kowacce daban, sun gano ƙwayar sinadari guda ɗaya tak da wannan dabara.

Matsalar da ta rage ita ce maimaituwa. Ratar in ta ɗan faɗaɗa, ƙarfin ya zube, kaushi kuwa ba ya fitowa iri ɗaya sau biyu. Shi ya sa masana suka koma zana ƙwayoyin zinariya a jere a kan gilashi, da girma da tazara aunannu.