Sake ginin ƙungiyar Toronto Maple Leafs

Sake ginin Toronto Maple Leafs shiri ne da shugabannin wannan ƙungiyar hoki ta ƙanƙara da ke birnin Toronto na ƙasar Kanada suka bi don rabuwa da manyan 'yan wasansu masu tsada, su kafa sabuwar tawaga a kan matasa. Ana danganta shirin da Brendan Shanahan, wanda ya zama shugaban ƙungiyar a watan Afrilun 2014, shi ya sa 'yan jarida da magoya baya suka laƙaba masa suna Shanaplan. Babu rana ɗaya da aka yi ittifaƙi a kanta cewa ita ce mafarinsa: wasu na ƙirgawa daga zuwan Shanahan, wasu kuma daga farkon 2015, lokacin da aka fara sallamar 'yan wasa gadan-gadan. Shirin ya samar da Auston Matthews da Mitch Marner da William Nylander, ya kuma mayar da ƙungiyar cikin masu zuwa wasannin fitar da gwani kowace shekara daga 2017 zuwa 2025, amma bai kawo Kofin Stanley ba, wato kofin da ake ba zakaran gasar NHL da ƙungiyar ke bugawa.

Ƙa'idojin gasar

Gasar NHL ta Amurka da Kanada ba ta da faɗuwa zuwa rukunin 'yan dagaji irin wanda aka sani a Firimiyar Ingila. Ƙungiyar da ta ƙare a ƙasan teburi tana nan daram a kaka mai zuwa, har ma tana samun lada. Kowace shekara, yawanci a ƙarshen watan Yuni, ana zaɓen sababbin 'yan wasa, galibi 'yan shekara 18, kuma ƙungiyoyin da suka fi shan kashi su ke fara ɗauka. Don kada kowa ya riƙa faɗuwa da gangan, ana jefa ƙuri'a a kan gurbin farko, sai dai ta ƙarshe a teburi ita ke da kaso mafi girma. Ana iya musayar gurbin zaɓe da ɗan wasa kamar yadda ake musayar ɗan wasa da ɗan wasa.

Abu na biyu shi ne iyakar albashi. Bayan rikicin da ya cinye kakar 2004–05 ɗungurungum tsakanin masu ƙungiyoyi da 'yan wasa, an ƙayyade jimillar kuɗin da kowace ƙungiya za ta iya biyan tawagarta. An fara da dala miliyan 39. Matashin da aka zaɓa yana shiga da kwantiragin shekara uku mai arha, wanda a shekarun da ake magana tushen albashinsa bai wuce dala 925,000 ba. Saboda haka gwanin yaro yana yin aikin mai dala miliyan goma a kan kuɗi kaɗan, na ɗan lokaci. Wannan tsari ya fi ƙuntata wa Toronto, domin tana cikin ƙungiyoyin da suka fi kowa kuɗi, amma kuɗin ba su da inda za su shiga a wajen sayen 'yan wasa.

Tarihi kafin shirin

An kafa ƙungiyar a 1917, shekarar da aka kafa gasar kanta. Ta ci Kofin Stanley sau 13, na ƙarshe a 1967. Daga 2006 zuwa 2012 ba ta ko leƙa wasannin fitar da gwani ba.

A tsakiyar wannan fari ne aka ɗauko Brian Burke a matsayin babban manaja a watan Nuwamban 2008. Burke ba mai son jira ba ne. A watan Satumban 2009 ya ba Boston Bruins gurabe biyu na zagayen farko da ɗaya na zagaye na biyu, ya karɓi Phil Kessel, ɗan wasan gaba mai gudu da iya jefa ƙwallo a raga. Lissafinsa shi ne ƙungiyar za ta yi ƙarfi, guraben ba za su yi daraja ba. Sai Toronto ta ƙare ta biyun ƙarshe, Boston ta ɗauki Tyler Seguin a gurbi na biyu a 2010, ta kuma ɗauki Dougie Hamilton a gurbi na tara a 2011. Kessel dai ya yi abin da aka kawo shi yi, ya jagoranci ƙungiyar a yawan maki (ƙwallayen da ya ci da waɗanda ya bayar aka ci) shekara shida a jere, amma cinikin ya zama misalin da ake bugawa a Toronto duk lokacin da aka zo maganar gaggawa.

An sallami Burke a watan Janairun 2013, Dave Nonis ya gaje shi. A wannan gajeriyar kaka mai wasa 48 ƙungiyar ta samu shiga fitar da gwani, ta haɗu da Boston. Kowane zagaye wasa bakwai ne, wanda ya fara cin huɗu ya wuce. A wasa na bakwai, ranar 13 ga Mayu, 2013, Toronto na gaba da ci 4 da 1 saura kusan minti goma sha ɗaya a tashi. Boston ta farke ɗaya, sannan ta cire mai tsaron ragarta ta ƙara ɗan wasan gaba, ta zura biyu cikin minti ɗaya da rabi na ƙarshe, Patrice Bergeron ya ƙarasa aikin a ƙarin lokaci. Maimakon a ɗauki abin a matsayin gargaɗi, shugabanni sun ɗauka saura ƙiris: a wannan shekarar suka ba ɗan wasan gaba David Clarkson kwantiragin shekara bakwai na dala miliyan 36.75.

Rushewa

Shanahan ɗan unguwar Mimico ne a Toronto, tsohon ɗan wasa da ya ci kofi uku da Detroit Red Wings, kuma kafin zuwansa shi ke kula da hukunta 'yan wasa a ofishin gasar. Shekararsa ta farko ya yi ta yana kallo yana canza ma'aikatan ofis. Ya ɗauko Kyle Dubas, ɗan shekara 28, wanda aka sani da dogaro da ƙididdiga wajen auna ɗan wasa, daga ƙungiyar matasa ta Sault Ste. Marie. Ya kuma ɗauko Mark Hunter daga London Knights, wata ƙungiyar matasa ta Kanada, don ya jagoranci farautar matasa.

Kakar 2014–15 ita ta ba shi hujja. An kori koci Randy Carlyle a watan Janairu, mai riƙon ƙwarya Peter Horachek ya ci wasa tara kacal cikin 42, wasu magoya baya kuma suka riƙa cire rigunan ƙungiyar suna jefawa kan ƙanƙara ana tsakiyar wasa. A watan Fabrairu aka tura Clarkson Columbus aka karɓi Nathan Horton, wanda ciwon baya ya riga ya raba shi da wasa. Dabarar ita ce albashin ɗan wasan da ke jinya ta dogon lokaci ana iya samun sassauci a kansa a lissafin iyaka, Toronto kuwa tana da kuɗin biyan wanda ba zai buga ba. Kaka na ƙarewa aka sallami Nonis da Horachek da yawancin masu farautar 'yan wasa.

A watan Mayun 2015 aka ɗauki Mike Babcock daga Detroit a kan dala miliyan 50 na shekara takwas, kuɗin da ba a taɓa ba wani koci a gasar ba. Albashin koci ba ya cikin iyaka. A taronsa na farko da 'yan jarida ya faɗa wa magoya baya ƙarara cewa akwai wahala a gaba. Ranar 1 ga Yuli aka tura Kessel Pittsburgh Penguins, Toronto ta yarda ta ci gaba da biyan dala miliyan 1.2 na albashinsa kowace shekara, ta karɓi Kasperi Kapanen da wasu 'yan wasa da guraben zaɓe. Kessel ya je ya ci kofi biyu a jere, 2016 da 2017. A watan Yulin 2015 Lou Lamoriello, wanda ya yi shekara 28 a New Jersey Devils, ya zama babban manaja, shi ne kuma ya tura kyaftin Dion Phaneuf Ottawa a watan Fabrairun 2016 a cinikin da ya shafi 'yan wasa tara.

Toronto ta ƙare kakar 2015–16 a ƙarshen teburi da maki 69. A ƙuri'ar 30 ga Afrilu, 2016 tana da kashi 20 cikin ɗari na damar samun gurbin farko, ta kuwa samu. Rabonta da wannan gurbi tun 1985, da ta ɗauki Wendel Clark.

Matasan

Nylander aka fara ɗauka, a gurbi na takwas a 2014. Ɗan Suwidin ne da aka haifa a Calgary, inda mahaifinsa Michael ke wasa. Marner, ɗan yankin Toronto, ya zo a gurbi na huɗu a 2015 daga London Knights, ƙungiyar da Hunter ya baro. Ƙaramin jiki gare shi, an kuma yi ta shakkar ko zai jure turereniyar manya. Morgan Rielly, ɗan wasan baya da aka ɗauka na biyar a 2012, da Nazem Kadri na 2009, gadon tsofaffin shugabanni ne da aka riƙe.

Matthews labarinsa daban. An haife shi a Kalifoniya ranar 17 ga Satumba, 1997, ya tashi a Scottsdale ta jihar Arizona, ƙasar zafi da sahara inda hoki baƙo ne. Mahaifiyarsa 'yar Meziko ce. Da an haife shi kwana biyu kafin haka da ya shiga zaɓen 2015 tare da Connor McDavid, wanda aka ɗauka a gurbin farko a wannan shekarar. Shekarar jiran sai ya tafi Suwizaland ya buga wa ZSC Lions ta birnin Zurich tare da manya, hanyar da ba a saba ganin matasan Amurka sun bi ba. A wasansa na farko a NHL, ranar 12 ga Oktoba, 2016 a Ottawa, ya ci ƙwallo huɗu, abin da babu wanda ya yi a wasan farko a tarihin gasar na zamani. Duk da haka Toronto ta sha kashi 5 da 4 a ƙarin lokaci. Ya gama kakar da ƙwallo 40 da lambar Calder ta gwarzon sabon ɗan wasa. Marner da Nylander kowa ya samu maki 61, wato jimillar ƙwallayen da ya ci da waɗanda ya bayar aka ci.

Gurbin zagayen farko da aka samu daga Pittsburgh a cinikin Kessel shi aka haɗa da wani gurbin aka ba Anaheim aka karɓi mai tsaron raga Frederik Andersen ɗan Denmak. Zach Hyman da Connor Brown sun haura daga Toronto Marlies, ƙaramar ƙungiyar renon 'yan wasa, wadda Sheldon Keefe ya kai ga kofin gasarta a 2018. Da wannan tawaga ƙungiyar ta tashi daga maki 69 zuwa 95 cikin shekara ɗaya, ta shiga fitar da gwani, Washington Capitals ta fitar da ita a wasa shida, biyar daga ciki sai da aka kai ƙarin lokaci.

Kwantiragi

Dubas ya zama babban manaja a watan Mayun 2018, Lamoriello da Hunter suka tafi. Ranar 1 ga Yuli John Tavares, kyaftin ɗin New York Islanders kuma ɗan yankin Toronto, ya sa hannu a kan dala miliyan 77 na shekara bakwai. Daga nan kwantiragin arha na matasan ya fara ƙarewa. Nylander ya ƙi buga wata biyu na farkon kaka, sai ranar 1 ga Disamba, 'yan mintuna kafin cikar wa'adi, aka daidaita a kan kusan dala miliyan 7 a shekara. Matthews ya karɓi kusan miliyan 11.6 a watan Fabrairun 2019, Marner kusan miliyan 10.9 a watan Satumba.

Mutum huɗun nan, duka 'yan gaba, suka riƙe kimanin dala miliyan 40 daga iyakar miliyan 81.5. An sa ran iyakar za ta ci gaba da hawa, sai annobar korona ta daskarar da ita kaka uku. Don a samu wuri aka rabu da Kadri da Brown da Kapanen, Hyman ya koma Edmonton a 2021, kuma sai da aka haɗa wa Carolina da gurbin zagayen farko kafin ta karɓi kwantiragin Patrick Marleau, wani tsohon hannu mai tsada a tawagar Toronto. Kadri ya ci kofi da Colorado a 2022.

Sakamako

An kori Babcock a watan Nuwamban 2019, Keefe ya maye gurbinsa. Boston ta fitar da Toronto a wasa na bakwai a 2018 da 2019 da 2024. Columbus ta fitar da ita a 2020, Montreal a 2021 bayan Toronto na gaba da wasa uku da ɗaya, Tampa Bay a 2022. Zagaye biyu kawai ta ci a tsawon shirin: na Tampa Bay a 2023, wanda shi ne na farko tun 2004, da na Ottawa a 2025, kuma duka biyun Florida Panthers ce ta tare ta a zagaye na gaba. Matthews ya ci ƙwallo 60 a 2021–22, ya zama gwarzon gasar, ya ci 69 a 2023–24, ya kuma karɓi kyaftin daga Tavares a watan Agustan 2024.

Masu sharhi sun rabu. Wasu na ɗora laifin a kan zuba rabin kuɗi a 'yan gaba huɗu aka bar tsaron baya da raga, wasu a kan daskarewar iyaka da rashin sa'a a wasanni na bakwai.

An rabu da Dubas a watan Mayun 2023, Brad Treliving ya gaje shi. Craig Berube ya karɓi aikin Keefe a 2024. A watan Mayun 2025 ba a sabunta kwantiragin Shanahan ba. Makonni kaɗan bayan haka Marner ya koma Vegas Golden Knights a kan dala miliyan 96 na shekara takwas, Toronto ta karɓi Nicolas Roy.